Kwalekwale ne ko Kayak?

A da, bambancin a fili yake. Kayak jirgin Inuwit ne, mutanen arewacin Kanada da Girinlan, rufaffe da fata, filafilinsa mai baki biyu. Kwalekwale kuwa a buɗe yake, filafilinsa baki ɗaya. Amma tun 1865 John MacGregor ɗan Birtaniya ya sa aka ƙera masa jirgi mai rufi da filafili mai baki biyu, ya kira shi kwalekwale. Yau maƙera suna ta gauraya su.

A ganinmu, ɗalibai, gardamar suna ba ta ceton rai. Buɗaɗɗen jirgi, igiyar ruwa tana cika shi, ko me aka kira shi. Kafin mu shiga, mu dubi ƙirarsa, mu sa rigar hana nutsewa.