Lifidin Yaƙi Ya Kwanta, Saura Na Hunturu

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Ambursa cikin watan Disamba ko Janairu ya san ɗarin bakin fadama ba abin wasa ba ne. Garin yana kan hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi ta nufi Argungu, ga kuwa fadamar Gulbin Rima shimfiɗe kusa da shi, inda sanyi kan taru ya kwanta da tsakar dare. A irin wannan lokaci ma'aunin zafi kan sauko zuwa wajen digiri 15, abin da mutumin Ingila zai yi wa dariya, amma ga yaron da ke kwance bisa tabarma da riga shara-shara, ko manomin rani da zai yi sammakon ban ruwa, wannan azaba ce sosai. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta nuna cewa maganin wannan ɗari yana nan cikin sana'ar da Hausawa suka gada, watau ɗinkin lifidi, in dai za a juya ta daga fagen fama zuwa ɗakin kwana, a kuma san irin cikon da ya kamata a zaɓa.

Abin da aka gada

Ba yau Bahaushe ya san hikimar haɗa ƙyalle biyu a cusa auduga tsakaninsu a ɗinke ba. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410, a matsayin wanda ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi kuwa ba kome ba ne illa ƙyalle a sama, ƙyalle a ƙasa, audugar gona ko ta rimi a tsakiya, a bi shi da ɗinki don kada cikon ya zame, sa'an nan a lulluɓe doki da mahayinsa. Kibiya kan nutse cikinsa ƙarfinta ya ƙare kafin ta kai ga tsoka.

Ƙasar Kabi ta san wannan kaya ƙwarai, domin tun daga 1805 da mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo suka ci Birnin Kebbi, kusan ƙarnin nan duka an yi shi ne ana gwabzawa tsakanin Gwandu da Kabawa, Ambursa kuwa tana daf da bakin daga. Yaƙi ya ƙare, har a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa bikin su, wanda shi ne mafarin bikin kamun kifin da duniya ta sani a yau. Tun da gaba ta kwanta, lifidi ya koma kayan hawan salla da na gidan tarihi. Abin takaici shi ne an ajiye shi tare da hikimar da ke cikinsa, alhali akwai abokin gaba guda da bai taɓa yin sulhu da kowa ba, yana kuma kawo hari kowace shekara, watau hunturu.

A da, gwado da luru na masaƙan gida su ne abin rufar talaka, mai hali kuwa ya nemi bargon ulu da fatake kan kawo daga wajen ƙasar Mali. Daga baya masaƙun zamani suka karɓe kasuwa, kamar masaƙar Kaduna Textiles da ta fara aiki a 1957. Ita ma ta rufe a 2002, wasu suka bi bayanta, sai aka wayi gari masaƙin gida ya ajiye ƙoshiya, masaƙar Kaduna ta yi shiru, kasuwa ta cika da bargunan roba na ƙasashen waje da na gwanjo. An saki reshe an kama ganye ke nan.

Zaɓen ciko

Wajibi ne a fara fahimtar abu ɗaya. Bargo ba ya haifar da ɗumi, jikin mutum ne ke fitar da shi, aikin bargo shi ne ya tsare iska a tsakanin zaruruwansa don kada ɗumin ya tsere. Saboda haka nauyi ba shi ne alamar nagarta ba. Cikon da ya tashi ya yi sukuku ya fi wanda ya danne ya yi tauri, ko da na biyun ya fi shi nauyi sau uku. Da wannan ma'auni za a auna abubuwa huɗu da ake iya cusawa.

Na farko shi ne audugar rimi, wadda 'ya'yan itacen kan fashe su zubar da rani. Kowane silin zarenta rami ne da shi a ciki kamar bututu, shi ya sa ba ta da nauyi, ba ta kuma shan ruwa da wuri, har Turawa suka daɗe suna cusa ta cikin rigunan ceton masu jirgin ruwa, musamman lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Amma tana da aibi biyu. Santsi gare ta, takan gudu ta taru gefe guda, kuma wuta kan kama ta kamar an zuba mai. Ta fi dacewa da matashin kai.

Na biyu shi ne ulu, wanda babu kamarsa wajen riƙe ɗumi ko da ya ɗan jiƙe. Sai dai tumakin wannan yanki, irin su uda da balami, gashi gare su, ba su ba da ulu, sai an nufi ƙasar Masina ta Mali. Abin da sai an yi doguwar tafiya kafin a same shi ba zai zama abin rufar talaka ba.

Na uku shi ne cikon roba, irin wanda ake samu cikin barguna da rigunan sanyi na kanti. Gaskiya yana da araha, yana wankuwa, yana kuma bushewa da wuri. Amma mai karatu ya tuna da yadda ake kwana da hunturu a ƙauyuka: a rufe ƙofa, a jawo kaskon garwashi kusa da shimfiɗa. Idan tartsatsi ya faɗa wa roba, narkewa take yi ta manne wa fata, ƙunar kuwa ta fi ta kowane ƙyalle muni.

Na huɗu shi ne audugar gona, wadda Sakkwatawa da Kabawa ke kira kaɗa. Ita ma tana cin wuta, babu mai musun haka, amma ba ta narkewa a jikin mutum. Tana tsotse gumi, tana zama inda aka ajiye ta in an ɗaure ta da kyau, kuma mata sun san sarrafa ta tun kaka da kakanni: a gurje ta a fid da angurya, a shiɓe ta da bakan shiɓa har ta tashi ta yi laushi. Wannan shiɓa ita ce sirrin ɗumi, domin ita ke shigar da iska cikin audugar. Idan an auna duka huɗun, audugar gona ce ta fi cancanta, ba don ba ta da aibi ba, sai don aibinta ne aka fi iya magancewa a gida.

Ɗauri maimakon ɗinki

Mai yin lifidin yaƙi so yake ciko ya danne ya yi tauri, saboda haka yakan matsa ɗinki. Mai yin na hunturu kuwa akasin haka yake nema, kuma a nan ne ya kamata a ari dabarar matan ƙauyukan Amurka, waɗanda kan ɗame bargo a jikin katako huɗu su bi shi da ƙulli. Ba a bukatar kafinta, gora huɗu miƙaƙƙu da aka ɗaure kusurwoyinsu sun wadatar. Sai a ɗame ƙyallen ƙasa a jikinsu kamar yadda ake ɗame fata a shanya, a shimfiɗa shiɓaɓɓiyar auduga daidai wa daida, a rufa ƙyallen sama. Daga nan a sa zare mai ƙwari a basilla, a soka ta ratsa duka ukun, a dawo da ita kusa da inda ta shiga, a yi ƙulli biyu a yanke. Daga tsakiya ake farawa a nufi baki don kada ƙyallen ya tattare, kuma kada tazarar ƙulli da ƙulli ta wuce faɗin yatsu huɗu, in ba haka ba audugar za ta dunƙule ranar wankin farko. A ƙarshe a kalmashe baki a ɗinke.

Amfanin wannan hanya a fili yake. Tsakanin kowane ƙulli da ɗan'uwansa audugar na nan a tashe, ɗumi bai da hanyar fita. Aikin ba ya bukatar keken ɗinki ko wutar lantarki, mata huɗu na iya zama kowace a gefe guda suna hira suna ƙullawa. Ƙyallen ma ba dole ne ya zama sabo ba, domin matan ƙasar Bangal da tsofaffin zannuwa suke yin nasu, haka kuma bargunan da baƙaƙen matan ƙauyen Gee's Bend na Amurka suka harhaɗa da tsofaffin tufafin aiki sun kai ga manyan gidajen nune-nune a 2002. Tsofaffin zannuwan da ke jibge cikin adakar kowace uwargida da guntayen atamfar da teloli ke zubarwa sun isa.

Hujjar masu suka

Wani zai ce ai bargon kanti ya fi sauƙi, a biya kuɗi a ɗauka, kuma kayan auduga maɓoyar kuɗin cizo ne, ga wuyar bushewa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba kuwa za a ce kowa ya jefar da bargonsa ba. Amma kuɗin cizo bai san roba da auduga ba, rana kuwa ba ta taɓa yi wa ƙasar Kabi rowa ba. A riƙa shanya bargon ana kaɗe shi, a wanke shi sau ɗaya idan bazara ta shigo. Game da araha kuma, sai a tambaya, araha ga wa? Mai 'ya'ya takwas ba zai iya saya wa kowa nasa ba, ƙarshenta kaskon wuta ne zai cike gurbin, da haɗarin gobara da na shaƙar iskar gawayi mai kisa cikin rufaffen ɗaki. Almajirin da ke kwana a zaure kuwa ba a ma sa shi cikin lissafi ba. Kuɗin bargon kanti ficewa yake yi daga gari, na wannan kuwa zagayawa zai yi tsakanin manomi da mai shiɓa da mai ɗinki. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kammalawa

Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba. Ya kamata cibiyoyin koya wa mata sana'a na jihar Kebbi su sa wannan aiki cikin darussansu, su kuma nemi tsofaffin da suka iya gurza da shiɓa su zama malamai tun suna raye. Masu hali da ke rabon kayan sanyi ga makarantun allo su ba da aikin a yi a gida. Masu shirya bikin Argungu su keɓe rumfa ga irin wannan kaya. Ɗaliban Hausa kuma suna da nasu nauyin, domin ranar da bakan shiɓa na ƙarshe ya karye, kalmomin shiɓa da magurji da angurya za su bi shi, su koma baƙi a bakin 'ya'yan masu su. Yaƙin Gwandu da Kabi ya zama labari, amma hunturu yana nan tafe baɗi kamar yadda ya zo bana, kuma tun da kaka ake tanadin auduga.