Zamiya ake wa maki ko siket?



A gasar Olamfik ta 1988 a Kalgari, ƙasar Kanada, Katarina Witt ta Jamus ta Gabas ta shiga filin ƙanƙara da kaya masu gashin tsuntsu maimakon siket. Aka yi ta cece-ku-ce, sai hukumar wasan zamiya ta duniya, ISU, ta kafa doka: mace sai da siket. Wando ya haramta gare ta har zuwa 2004. Shekara goma sha shida ke nan mace na iya rasa maki saboda tufafi, ko da ba ta yi kuskure a tsalle ba.

Na san wani zai ce ai doka ce ta kare mutunci, mace ta yi shigar mata. To, a tambayi Zahra Lari ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A 2012 ta yi gasa a Italiya sanye da hijabi, alƙalai suka rage mata maki, don ita ma shigarta ba ta yi kama da wadda suka saba gani ba. Sai da ta kai kukanta ga hukumar kafin a daina.

A ganina ma'auni ɗaya ne ya tsinke mai wando da mai hijabi: hoton "cikakkiyar mace" da ke kan alƙali. Kaya in ba za su harɗe ƙafa ko su jawo faɗuwa ba, ina ruwan takardar maki da su?