Ajiyar ƙwan iri: asarar da ake yi tun kafin kaza ta hau kwanci

Ya ku masu kiwon kaji da zabi, shekarun baya sun koya mana darasi. A watan Fabrairu na 2006 cutar murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya, cikin jihar Damagaram, aka hana zirga-zirgar kaji. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 kuma, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar lantarki, har zuwa farkon 2024. Duk lokacin da hanya ta toshe, wanda ya dogara da ƴan tsakin waje yakan zauna hannu rabbana. Mafita ita ce ku ƙyanƙyashe naku a gida.

Amma sau da yawa akan sa wa kaza ƙwai goma sha biyu, huɗu su fito, sauran su zama baragurbi. Sai a ɗora wa kaza laifi, ko injin ƙyanƙyasa, alhali ƙwan ya lalace tun wajen ajiya.

Dalili kuwa shi ne zafi. Ƙwan da zakara ya barbari uwarsa yana da rai a ciki. Yakan yi barci in an ajiye shi a sanyi mai digiri 12 zuwa 18. In zafi ya haura digiri 24, sai ɗan ya fara girma ba kan ƙa'ida ba, ya raunana, ya mutu. A Maraɗi, Tawa da Damagaram kuwa, zafin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40. Firiji ma ba mafita ba ne, don sanyinsa ya yi yawa.

Ga abin da za ku yi:

1. Ku kwashe ƙwai safe da yamma. Zabi suna nasa ƙwai da damina, cikin ciyawa. Ku nemo gurbinsu da wuri.
2. Ku zaɓi matsakaicin ƙwai mai tsabta, wanda bai tsage ba.
3. Kada ku wanke shi. Ruwa yana cire rufin da ke hana ƙwayoyin cuta shiga ta ɓawo.
4. Ku jera shi cikin ƙwarya mai ƙaiƙayi, tsinin yana ƙasa, don iskar da ɗan tsako zai fara shaƙa tana can gefe mai faɗi.
5. Ku ajiye ƙwaryar cikin ɗakin ƙasa, bisa jiƙaƙƙen yashi kusa da randa, nesa da murhu da rufin kwano.
6. Kullum ku karkata ƙwaryar zuwa wani gefen, kada gwaiduwa ta manne.
7. Kada ajiya ta wuce kwana 7. Da bazara, kwana 3 zuwa 4 sun isa.

Nan ne karatunku zai yi muku rana. Ku rubuta ranar da aka nasa kowane ƙwai a jikinsa da fensir. Ƙwan kasuwa ba a san kwanansa ba, ba a kuma san lafiyar garken da ya fito ba. Ku rubuta kuma ranar hawa kwanci: ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa a kwana 21, na zabuwa a kwana 26 zuwa 28.

Ƙwan da ya wuce mako, ku ci ko ku sayar. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Na iri kuwa, ku ba kaza sabo.