Tiyatar rage ƙiba: Wace iri ce ta dace, kuma wa zai kula da majiyyaci bayan an ɗinke?

A watan Oktoban 2005 ne uwargidan shugaban Najeriya na lokacin, Stella Obasanjo, ta rasu a ƙasar Sifaniya bayan tiyatar zuƙe kitse. Har yau mutane da yawa na ɗaukar wannan aiki a matsayin tiyatar rage ƙiba, alhali sun sha bamban. Zuƙe kitse gyaran siffa ne. Tiyatar rage ƙiba kuwa aiki ne da ake yi wa tumbi da hanji domin magance cuta, kuma sakamakonta na bin mutum har ƙarshen rayuwarsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya na fama da ƙibar da ta kai matsayin cuta. Ana gane hakan da ma'aunin BMI, wato a raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita sau biyu, kuma daga 30 zuwa sama ne ake kiran ta cuta. Ƙa'idar 1991 ta Amurka ta keɓe tiyata ga wanda ya kai 40, ko 35 idan yana da wata larura. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin suka sassauta: 35 ya wadatar, haka ma 30 ga mai ciwon suga nau'i na biyu. Adadin waɗanda suka cancanta ya ƙaru ke nan, masu tallar aikin ma suka ƙaru.

Nau'in da aka fi yi a duniya yanzu shi ne rage tumbi, wanda likitoci ke kira silib. Ana yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbin, a bar shi siriri kamar ayaba. Mutum zai riƙa ƙoshi da ɗan abinci, yunwa ma ta ragu, domin ɓangaren da aka cire ne ya fi samar da sinadarin da ke tayar da ita. Ba a taɓa hanji, don haka aikin ya fi sauƙi. Sai dai abin da aka yanke ba ya dawowa, kuma yakan haddasa ƙwannafi ko ya tsananta shi.

Na biyu shi ne baifas. Ana ware ɗan aljihu mai girman ƙwai a saman tumbi, a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Shi aka fi zaɓar wa mai tsananin ƙwannafi, kuma ya fi tasiri a kan ciwon suga. Illarsa ita ce jiki ba ya tsotsar sinadarin ƙarfe da na ƙashi da bitamin B12 yadda ya kamata, sannan cin zaƙi kan jawo jiri da zufa da gudawa. An kuma hana wanda aka yi wa shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac saboda gyambon ciki, ga shi a Najeriya ana sayen su a kemis ba tare da takardar likita ba.

Zoben roba da ake ɗaure saman tumbi da shi ya yi tashe a baya, amma an rage amfani da shi saboda sau da yawa sai an sake tiyata an cire. Balan-balan da ake sakawa a tumbi kuma na wucin gadi ne, yawanci wata shida.

Alluran zamani irin su Ozempic da Wegovy da Mounjaro sun sauya lissafin. A gwaji, Wegovy ya rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyi, tiyata kuwa kan rage kashi 25 zuwa 30. Da zarar an daina allurar, yawancin nauyin kan dawo. Tsadarsu ta buɗe ƙofar jabu, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a watan Yunin 2024 bayan gano jabun Ozempic a Birazil da Birtaniya da Amurka.

Ga ɗan Najeriya, babbar matsalar tana zuwa ne bayan an sallame shi. Kowanne nau'i na buƙatar ƙarin bitamin da gwajin jini na tsawon rai da kulawar masanin abinci. Mace ana ba ta shawarar jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18, kuma azumi a watannin farko sai da sahalewar likita saboda ƙarancin ruwa a jiki. Wanda ya tafi Turkiyya ko Indiya ko Masar aka yi masa aiki ya dawo cikin kwanaki, idan ɗinki ya yi yoyo, asibitin gida ne zai karɓe shi, sau da yawa babu cikakken bayanin abin da aka yi masa.

A nan ne alhakin hukumomi ya shigo. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya a Najeriya daga aljihun majiyyata yake fita, duk da dokar 2022 da ta wajabta inshorar lafiya. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, amma ba ta keɓe kuɗin ga fannin lafiya ba. Ya kamata 'yan majalisa su nemi bayanin inda kuɗin ke tafiya, ita kuma Hukumar Kula da Likitoci ta Ƙasa ta sa ido kan masu tallar tiyata a Instagram da TikTok.

Kafin nan, mai tunanin yin aikin na da haƙƙin tambayar likita sau nawa ya taɓa yin irinsa, me ya sa ya zaɓa masa wannan nau'i, da kuma wanda zai duba shi idan matsala ta taso bayan shekara ɗaya.