Doki ba linzami

Malamai da iyaye, faifan CD na darasin Faransanci yana kwance cikin kabad, ƙura na cin sa, alhali salula ce a hannun kowa. Manhajar mayar da shi MP3 kyauta ce: ga fre:ac, ga VLC. Bayani ne babu. Ɗan abin da ke akwai, galibinsa da Ingilishi yake, don masana aka rubuta shi. Wa zai gaya wa malamin ƙauye cewa minti 80 a 128 kbps bai wuce mega 80 ba, FLAC kuwa ba ya rage ingancin sauti? Masu raba wa makarantu faifai, ku haɗa da bayani shafi guda da Hausa, mataki-mataki. Ranar da faifan ya karce, ƴaƴanmu ne za su rasa darasin.