Ɗaurin Aure a Gandun Daji: Ina Aka Baro Iyaye?

Akwai wata kalmar Ingilishi da nake so duk wanda ya ɗauki kwas ɗin fassara ya gwada ƙarfinsa da ita, wato "elopement". Idan ka buɗe tsohon ƙamus za ka tarar ma'anarta ita ce saurayi da budurwa su gudu su yi aure a ɓoye, ba da yardar iyaye ba. A shekarar 1753 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin aure sai da izinin iyayensa. Dokar ba ta shafi Sikotland ba, saboda haka masoya suka riƙa hawa keken doki suna tsallaka iyaka zuwa wani ƙauye mai suna Gretna Green, inda har maƙerin gari kan ɗaura musu aure a maƙerarsa. Wannan ba shi da wuyar faɗa da Hausa: ya gudu da ita, ko sun gudu tare.

To amma a Amurka ta yau kalmar ta sake riga. Babu gudu, kuma sau da yawa iyaye sun sani. Abin da ake nufi yanzu shi ne ɗan ƙaramin aure da aka yi watanni ana shiryawa, wanda mahalartansa ba su fi goma ba, wani lokaci ma daga ango sai amarya sai mai ɗaukar hoto, kuma wurin da suka fi so shi ne cikin gandun daji na ƙasa, a kan dutse ko a bakin tafki. Duk wanda ya fassara wannan da "auren gudu" ya ɓatar da mai karatu. Ni dai, da yake Hausa ta riga ta ba mu sigar auren sadaka da auren zumunta da auren ɗauki-sandanka, sai na ga ya dace a kira shi "auren ba-gayya". Da wannan sunan zan ci gaba, kafin 'yan'uwana da aka haifa cikin harshen su kawo wanda ya fi shi.

Mai karatu zai zaci tunda daji ne, sai kawai a sa kaya a tafi. Ba haka ba ne. Amurka tana da manyan gandayen daji na ƙasa guda 63. Na farkonsu shi ne Yellowstone da aka kafa a 1872, hukumar da ke kula da su kuma an kafa ta a 1916, kuma galibi mai son ɗaura aure a ciki sai ya nemi takardar izini ta musamman. A gandun Yosemite da ke jihar Kalifoniya, kuɗin neman izinin a shekarar 2023 dala 150 ne, kuma ba a mayarwa ko da an fasa auren. Ana iya nema tun saura shekara guda, amma ba sa sauraron wanda ya zo musu ana saura ƙasa da kwana 21. Idan mutanen ba su kai 11 ba, suna iya zaɓar kusan duk inda suke so, ban da filayen ciyawa da gaɓar ruwa. Idan sun fi haka, dole su tsaya a wuraren da hukuma ta keɓe. A gandun Duwatsun Rocky na jihar Kolorado kuwa, a wannan shekarar dai, kuɗin dala 300 ne, kuma ba a yarda taron ya wuce mutum 30 ba. Cikin talatin ɗin nan har da ango da amarya da mai ɗaurin aure da mai hoto. Izinin da suke bayarwa a wata ma ƙayyadadde ne, wanda ya yi jinkiri sai ya tarar an cinye. Ashe ko a daji ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kuma jerin abubuwan da aka hana. Ba a watsa shinkafa ko tsabar tsuntsaye a kan ma'aurata kamar yadda Turawa suka saba, domin dabbobin daji za su koyi cin abincin mutane, iri kuma zai tsiro inda ba nasa ba. Ba a sakin balan-balan. Ba a kafa lasifika. Tun 2014 aka hana tayar da ƙananan jirage marasa matuƙi da ake ɗaukar hoto da su. Bugu da ƙari, takardar izinin ba ta mallaka maka wurin ba. Kana tsakiyar yi wa amarya alkawari, wani baƙo ɗan yawon buɗe ido zai iya zuwa ya tsaya kusa da ku yana cin burodinsa, kuma ba ka da ikon cewa ya matsa. Wanda ya taɓa zuwa bikin ranar Asabar a Legas ko Ibadan, inda ake toshe titi da kanofi, ya kwatanta da kansa.

Yanayi ma yana da nasa hukuncin. Hanyar zuwa Glacier Point, inda masoya da yawa ke sha'awar tsayawa a Yosemite, dusar ƙanƙara kan rufe ta daga wajen Nuwamba har ƙarshen Mayu. A 2018 gobarar daji ta sa aka rufe kwarin Yosemite kusan mako uku a tsakiyar lokacin zafi, lokacin da baƙi suka fi yawa. A Oktoba 2013 rikicin kasafin kuɗi ya tsayar da aikin gwamnatin tarayya har kwana 16, aka garƙame gandayen, waɗanda suka sa rana a ciki suka shiga neman wani wurin. Shi ya sa masu dabara kan tanadi wuri na biyu, su zaɓi ranar aiki maimakon ƙarshen mako, su kuma fita tun da asuba kafin jama'a su cika wurin. Amarya takan sa takalmin hawan dutse a ƙarƙashin farar rigarta. Kuma ba abin wasa ba ne, domin a Oktoba 2018 wasu matasan ma'aurata da suka je yawon buɗe ido sun faɗo daga gefen dutsen Taft Point, wanda ya shahara wajen hotunan aure, suka rasa rayukansu.

Me ya sa mutane ke ɗaukar wannan wahalar? Kuɗi ne a kan gaba. Wani kamfanin harkar bukukuwa mai suna The Knot ya ƙiyasta cewa matsakaicin bikin aure a Amurka ya ci dala 35,000 a 2023. Annobar korona ta 2020 kuma, da ta hana taruwa, ta nuna wa mutane da yawa cewa ana iya yin aure da mutum goma, sama ba ta faɗo ba.

A nan ne nake jinjina musu, kuma da gaske nake yi. Abin da ya fi burge ni a cikin tsarin nan shi ne wannan adadi na mutum 30. A wurinmu babu wanda ya isa ya ce wa danginsa mutum talatin kawai yake so. Mu Yarbawa muna da zaman gabatarwa, da bikin gargajiya, da na coci ko na masallaci, da liyafa, kowanne da ankonsa da makaɗinsa. Hausawa kuma ga lefe, ga kamu, ga sa lalle, ga dina, ga gara, kowace shekara sai an ƙaro wani sabon abu da kakanni ba su sani ba. Sakamakon kowa ya san shi: ango ya shiga sabon gida da bashi a wuya, uban amarya ya sayar da fili, saurayi ya kai shekara talatin da biyar yana cewa bai shirya ba, alhali auren ya shirya masa, bikin ne bai shirya masa ba. Ba'amurken da ya zaɓi gandun daji ya sami abin fakewa. Duk wanda ya yi ƙorafin ba a gayyace shi ba, sai a ce masa hukuma ce ta hana. Ina ma muna da irin wannan hukumar.

Amma akwai inda na rabu da su. Takardar gandun daji ba ita ce auren ba, izinin taruwa ce kawai. Auren kansa sai an karɓi lasisi daga ofishin magatakardan gunduma. A Kolorado lasisin dala 30 ne, yana aiki na kwana 35, kuma dokar jihar ta yarda mutum biyu su ɗaura wa kansu aure, ba limami, ba fada, ba alƙali, ba ko shaida ɗaya. Su sa hannu su mayar da takarda, shi ke nan sun zama mata da miji. Wannan na cikin dalilan da suka sa jihar ta zama matattarar masu auren ba-gayya.

A ganina masu sha'awar wannan abu daga nesa ba su tsaya sun tambayi kansu aikin shaida ba. Ba don ranar farin ciki ake kiran shaidu ba, don ranar da abu ya lalace ne. A darasin al'ada an koya mana cewa idan matar Bahaushe ta yi yaji, gidan iyayenta take tafiya, mijin kuma ya tura manya su yi biko. Su wane ne manyan nan? Waɗanda suka zauna a kan tabarma ranar ɗaurin aure, suka ji adadin sadaki, suka ci goro. Idan miji ya rasu aka zo rabon gado, su ne za su ce wannan matarsa ce, waɗannan 'ya'yansa ne. A Amurka takardar gwamnati da kotu ne ke yin wannan aikin, kuma suna yin sa gwargwado, shi ya sa mutum biyu za su iya hawa dutse su kaɗai su sauko da aure mai ƙarfi. A ƙasarmu kuwa, inda shari'ar gado kan kwashe shekaru a kotu, dangi ne kotun farko, su ne asibiti, su ne banki. Macen da aka aura ba da sanin kowa ba, ita ce za ta fi kowa shan wuya ranar da aka ce ba a san ta ba. Na san akwai waɗanda ke guje wa dangi don dangin sun ƙi yaren wanda suke so ko addininsa, kuma mu da muke koyon harshen wasu mun fi kowa sanin zafin wannan. Duk da haka ɓoyewa ba ta kashe rigimar, ɗage ta kawai take yi zuwa ranar suna.

Abu na biyu da ke damuna shi ne hoto. Masu wannan aure kan ce sun gaji da yi don mutane su gani. To amma mai hoto shi ne mutum ɗaya da ba a taɓa bari a gida, kuma kuɗinsa kan kai dubban daloli. Sau da yawa shi ke zaɓar dutsen da lokacin, saboda hasken rana. Bayan kwana biyu hotunan sun cika Instagram. Wato an bar tsohuwa a gida don ƙafarta ba za ta iya hawan dutse ba, amma baƙi dubu da ba su san sunan amarya ba sun ga komai. Son a sani bai mutu ba, ya tashi ne daga ɗakin taro ya koma cikin waya. Kuma wannan daji da ake tallatawa kamar ba a taɓa taka shi ba, yana da masu shi. Kwarin Yosemite mazaunin 'yan asalin ƙasar ne da ake kira Ahwahneechee, kafin wata rundunar Turawa ta far musu a 1851.

Wani zai ce, to mu ma ai muna da gandayen daji, me zai hana? Muna da su kam. Ga Gashaka-Gumti a jihohin Taraba da Adamawa, wanda ya fi duka girma. Ga Okomu a Edo. Ga na Tsohuwar Oyo, inda kufan birnin da Hausawa suke kira Katunga yake. Sai dai doka ba irin ta Kolorado ba ce. Dokar Aure ta tarayya ta ce auren da muke kira na kotu sai an ba da sanarwa ta kwana 21, a ɗaura shi a ofishin rajista ko a wurin ibada mai lasisi, ƙofa a buɗe, gaban shaidu biyu aƙalla. Mai son wani wuri daban sai ya nemi lasisi na musamman daga minista. A auren Musulunci bisa mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar nan, ba makawa sai da waliyyi da sadaki da shaidu. Auren gargajiya kuwa ba ya ma faruwa sai iyalai biyu sun zauna. Ban da wannan ga matsalar tsaro, wadda ta sa gandaye irin su Kamuku da Kainji ba wuraren kai amarya ba ne.

Abin da ya ba ni mamaki da na zauna na duba shi ne, ɗaurin auren Bahaushe tun asali ƙarami ne, kuma a waje ake yin sa. Ƙofar gida, tabarmi, liman, waliyyai biyu, goro da alawa, siga da fatiha, cikin minti goma an watse. Babu kuɗin izini, babu ɗakin taro. Ba wannan ke karya mutane ba, abin da aka jibga masa gaba da baya ne. Saboda haka ni a nawa ra'ayin, wanda auren ba-gayya ya ba shi sha'awa ya rage gayyar, ya soke dinar, ya haƙura da akwati goma sha biyu, amma ya bar iyaye da shaidu a inda suke. Idan an shafa fatiha kuma dajin yake so, ya ɗauki amaryarsa su tafi Yankari, wanda ya zama gandun ƙasa a 1991 kafin a mayar wa jihar Bauchi a 2006. Ya bincika lafiyar hanya tukuna, ya kuma sa tafiyar cikin rani, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi ke taruwa a bakin kogin Gaji. Ruwan Wikki yana nan da ɗuminsa na digiri 31 dare da rana, kuma kuɗin kwana uku a can ba zai kai na ankon ƙawayen amarya ba.