Gini Ba Ya Niƙa Da Kansa

A birnin Winchester na ƙasar Ingila, a kan kogin Itchen, akwai wani tsohon injin niƙa irin wanda ƙarfin ruwa ke juyawa. An ambace shi a littafin Domesday na 1086, watau kundin ƙidayar dukiyar ƙasa da Sarki Wiliyam ya sa aka yi, inda aka lissafa irin waɗannan injuna fiye da 5,000. Ginin da ke tsaye a wurin yanzu an ɗaga shi ne a 1744. Niƙa ya tsaya a farkon ƙarni na 20, har aka yi niyyar rushe shi, sai wasu masu kishi suka saye shi suka danƙa wa ƙungiyar National Trust. Daga 1931 ya zama masaukin matasa matafiya. Sai a 2004, bayan gyara mai tsawo, dutsensa ya sake fitar da gari, kuma 'yan sa kai ne suka riƙa niƙa a gaban jama'a a ranakun da ake buɗe ƙofa.

Mu a ganinmu, waɗannan ranaku sun fi gyaran ginin muhimmanci. Dalili kuwa shi ne, injin ruwa ba ya zama da rai sai yana aiki. Ruwa ke tura wata ƙatuwar ƙafa, ita kuma ta juya haƙoran da ke juya dutsen sama a kan na ƙasa, hatsi yana zuba ta ramin tsakiya. Idan ƙafar katako ta daɗe a tsaye, gefen da ke cikin ruwa ya yi nauyi ya ruɓe, na sama ya bushe ya tsage. Mai niƙa yana murza gari tsakanin yatsunsa don ya san ko tazarar duwatsun ta yi daidai. Ya san lokacin da za a koɗa dutse, kamar yadda iyayenmu mata suka san lokacin ɗauko makoɗi. Ya kuma san cewa in hatsi ya ƙare duwatsu suna gugar juna, tartsatsi na iya tashi cikin ƙurar gari. Wannan sani ba ya zama a kan allon bayani. Hannu ke miƙa wa hannu.

Mutanen Holan sun gane haka tun da wuri. A 1972 suka kafa ƙungiyar masu niƙa 'yan sa kai, wadda ke horar da mutane kafin a yarda su riƙe inji. A 2017 hukumar UNESCO ta sa sana'ar mai niƙa ta Holan cikin jerin al'adun duniya abin adanawa. A lura, sana'ar aka girmama, ba bango da rufi ba.

Wasu za su ce aikin kyauta yana sa hukuma ta yi sake da nauyin da ke kanta, kuma sai mai abin hannu ko ɗan fansho ke da sukunin ba da ranar hutunsa. Akwai gaskiya a nan, ba ma musu. Kuɗin katako da na gwanayen magina lalle ne hukuma ko masu dukiya su biya. Amma hukuma ba ta iya sayen son abu, kuma wurin da ba mai tsayawa ya yi wa yara bayani, ko an kashe masa dubbai, kango ne mai fenti.

To, ina ruwanmu? Ba mu gaji injin ruwa ba, amma mun gaji marinar Ƙofar Mata da ganuwar Kano, mun kuma gaji aikin gayya. Mu ɗalibai da ƙananan ma'aikata mun iya rubuta wasiƙar koke ga gwamnati, alhali kaɗan ne cikinmu suka taɓa zama gaban tsohon marini suka tambaye shi yadda ake haɗa baba da toka. Tsofaffin nan ba za su jira mu gama jarrabawa ba.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta ware Asabar ɗaya a kowane zango. Mu je mu koya daga masu sana'a, mu rubuta abin da suka faɗa da yardarsu, sa'an nan mu tsaya mu yi wa 'yan firamare jagora. Gani ya kori ji.